Kiran da Bai Fita Daga Kwari Ba

Zangon Ƙirya, 7 ga Maris 2022

Zuwa ga taubashiyata Bushira, ɗiyar Gwaggo Shatu, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Gwaggo da Baba Hamani. Yaya ƙafar Gwaggo? Mun ji an ce ta hana ta zuwa kasuwa. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan kowa lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa. Inna tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Shatu tun da ta auri jandarma ta mance hanyar gida.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina. Rabonmu da juna tun bikin ƙanena Aminu, lokacin kina 'yar lakwal, wato makarantar boko, kina ƙin shan furarmu wai akwai yashi. Ni ne dai Muttaƙa na Malam Abdussamad. Yanzu ni ne sakatare a buro, wato ofishin magajin garinmu. Na so in kira ki a salula, amma magajin gari ya ce shawarar baka ba ta shiga buro, takarda yake so. Ayuba direban kamiyon siminti, mai ɗauko kaya daga Malbaza, shi zai kawo miki wannan.

Ga abin da ke tafe da ni. Wani froje na masu aikin raya ƙasa ya ba kwamin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, taimako don a haɗa ƙananan likitocin ƙauyukanmu, wato ɗakunan shan magani, da motar ambilans da buro, kowa ya riƙa jin kowa. An ɗora mini in tattara bayani in kai gaban 'yan majalisa. Mutum biyu suka zo mana da kayansu.

Na farko dattijo ne daga Tawa. Ya ce a kafa mana dogon ƙarfe bisa dutsen da ke bayan gari, da farantan hasken rana da batura, mu samu mitar rediyo tamu ta kanmu da izinin hukuma. Na'urorinshi irin oba-oba ne na sojoji. Suna ɗaukar murya da gajeren saƙo, suna nuna inda mota take. Hoto ba su ɗauka. Yana da tsada, kuma sai an jira izini.

Na biyu saurayi ne mai kwat, daga Yamai. Tashi na'urar ita ma kamar oba-oba take, amma pus ne a cikinta irin na salula, kan rezon kamfanin waya take hawa. Ba ƙarfe, ba dutse, ba jira. Tana aika hoto, tana aika takardun rigakafi, ya danna a gabanmu ya yi magana da wani a Yamai kamar yana bayan ƙofa. Magajin gari bai daina juya ta a hannu ba har aka tashi.

Ni karatun sakatare na yi, ban san kan waɗannan abubuwa ba. An ce ke injiniyar sadarwa ce, har Dakar kin je. To ga ranarki ta zo. Ki gaya mana wanne za mu ɗauka. In da hali ma ki zo ki gani da idonki, mun tace furar.

Naki,
Muttaƙa

*

Yamai, 24 ga Maris 2022

Yaya Muttaƙa,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, da ƙurar siminti a jikinta. Mama ta sa na karanta mata wurin maganar Inna har sau biyu, tana dariya tana share ido. Ƙafar da sauƙi. Baba yana gaishe ku. Ka gaishe da Inna, da Aminu da matarshi Wasila da yara. Maganar fura kuwa, yashin yana nan a haƙorina har yau.

Tambayarka ba ta da amsa guda, amma bari in yi ƙoƙari.

Tsari na farko naku ne. In an kafa shi, ba ruwanku da kowa. Ko rezo ya ɗauke a duk ƙasar, ku kuna jin juna. Illarshi ita ce ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, kuma sai kun samu mutum mai kula da batura, yana hawa dutsen yana share farantan. In aka yi sakaci, shekara biyu ya mutu. Na ga inda aka yi hakan.

Tsari na biyu aro ne. Duk abin da saurayin ya nuna muku gaskiya ne, kuma nan gaba can duniya ta nufa. Amma na'urar ba ta da ƙarfin kanta. Inda salula ta yi shiru, ita ma shiru za ta yi. Da a ce ni ce a garin da rezo ya wadata ko'ina, rani da damina, to na biyun zan ɗauka ba tare da wani dogon tunani ba. Ku kuwa ban san ƙasarku yanzu ba. Abin da na tuna, akwai ƙauyuka cikin kwari, kuma kuna kusa da iyaka. A irin wuraren nan mutum yakan ga salularshi cike da rezo, ashe na Nijeriya ne. Wannan na'urar ba za ta hau shi ba.

Saboda haka kada ku yanke komai sai kun auna. Ku ɗauki na'urar ku kai ta kowane ƙauye. Kada ku tsaya a tudu ko bakin hanya. Ku shiga cikin ɗakin da majiyyaci ke kwanciya, ku rufe ƙofa, ku danna. Ku tambayi mutane yadda rezo ke yi da damina, in itatuwa sun yi ganye, hanya ta yanke. Ku tambaya kuma, turken kamfanin da ke ba ku rezo, da me yake aiki, wa ke kai wa injinshi gazuwal, wato man dizal.

Awon nan ba wani abu ba ne, aikin kwana biyu ne ga wanda ya san shi. Ni ma ina marmarin ganin gida, in Allah ya yarda zan leƙo.

Taubashiyarka,
Bushira

*

Zangon Ƙirya, 15 ga Afrilu 2022

Bushira,

Sallama da gaisuwa. Yaya azumi? Mu nan muna ta fama da rana. Inna ta ɗan yi zazzaɓi amma ta tashi. Aminu ya ce a gaya miki ya ware miki zabi biyu.

Na ji daɗin takardarki ƙwarai, musamman da kika ce za ki zo ki yi mana awon. Na gaya wa magajin gari, ya ce a gyara miki ɗakin baƙi. Wasila ta wanke zannuwan gado. Na roƙi 'yan majalisa su ɗaga zamansu har ki iso, sun yarda, ko da yake ba da son ransu ba. Masu froje sun ce in ba a zaɓa kafin ƙarshen Mayu ba, taimakon zai koma wani kwamin.

Saurayin nan bai jira ba. Ya zo da motarshi ya ce mu zagaya. Na bi shi. A yawancin ƙauyuka na'urar ta yi magana tsaf. A Gidan Kwari, inda Aminu ke noma, da muka shiga ɗakin likita ta ƙi. Ummulkhairi, ma'aikaciyar jinyar wurin, ta ce mishi, "Malam, nan ko salula sai mun hau juji." Ya yi dariya, ya fita ya hau kan motarshi ya ɗaga hannu, sai ga murya ta fito. Ya ce, "Kun gani? Matsalar kwanon rufi ce. Za mu sa muku 'yar eriya a waje." Na rubuta abin da na gani, amma ban san ko babba ne ko ƙarami ba. Ke za ki sani.

Na kira lambarki ba ta shiga. Ki gaya wa Ayuba ranar da za ki taso, in tarbe ki a Tsarnawa.

Muttaƙa

*

Zangon Ƙirya, 29 ga Mayu 2022

Bushira,

Ina fata lafiya. Barka da Salla, ko da ta wuce. Mu nan lafiya.

Ayuba ya ce ya kai takardata gida, Gwaggo ta karɓa, ta ce kin tafi aiki arewa. Ba wanda ya gaya mini za ki yi tafiya. Ɗakin baƙi ya yi ƙura an share, ya sake yi an sake sharewa. A buro har an fara yi mini ba'a, in na shigo sai a ce, "Sakatare, injiniyarka ta iso?"

An yi zaman shekaranjiya. Na tashi na faɗi abin da na gani a Gidan Kwari. Wani ɗan majalisa ya ce ƙauye ɗaya ba zai hana sauran ci gaba ba. Dattijon Tawa ya nemi magana, aka ce lokaci ya ƙure. Sai magajin gari ya ce in miƙo takardarki. Ya sa tabarau ya ce, "Ga abin da ɗiyarmu injiniya ta rubuto daga Yamai." Ya karanta: "Na biyun zan ɗauka ba tare da wani dogon tunani ba." Ya ninke ta ya sa aljihu. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai magana a gabanta." Ya ce, "Sakatare, aikinka rubuta abin da aka yanke." Aka ɗaga hannuwa. An ɗauki na biyu.

Da kina zaune a wurin, da ba a yi haka ba. Ni ba a jin maganata a kan abin da ban karanta ba.

Zabin Aminu an yanka su da Salla.

Muttaƙa

*

Yamai, 20 ga Yuni 2022

Yaya Muttaƙa,

Gaisuwa gare ka da mutanen gida. Na dawo jiya, na tarar da takardunka biyu a kan gadona. Aiki aka tura ni can bayan Agadas, inda ba rezo ba komai, kuma ba a ba mu damar faɗin inda muke ba.

Na karanta su. Yaushe na ce zan zo in yi muku awo? Na ce aikin kwana biyu ne, na ce ina marmarin gida. Magana biyu ce daban. Kai ka ɗinke su, ka je ka sa aka gyara ɗaki. Da ka tambaye ni kai tsaye, da na gaya maka ba ni da izinin yi wa wani kwamin aiki ba tare da sanin ofishinmu ba, da na haɗa ka da wanda zai iya.

Sai maganar takardata. Wasiƙa ce na rubuta wa ɗan'uwana. Na yarda ka nuna ta, amma ban ba ka ita don a yanke mata kai a karanta gangar jiki ba. Yanzu a garin uwata sunana ne a kan abin da na ce kada a yi sai an auna. Ka ce ka yi magana an hana ka. To bayan an tashi fa? Bakinka ma a aljihun magajin gari ya tafi?

Abin da ka gani a Gidan Kwari babba ne. In sai an hau mota da rani, da damina ba za ta yi ba. Eriyar da ya yi alkawari, ka matsa a sa ta, mai tsawo, kuma ka tsaya a gwada a gabanka. Ka gaya wa Ummulkhairi kada ta dogara da na'urar, ta shirya da wani mai moto, wato babur. Ka nemi a rubuta a takardar zaman cewa ba a yi awo ba.

Ka yi haƙuri da zafin maganata. Tsoro ne.

Bushira

*

Zangon Ƙirya, 2 ga Satumba 2022

Bushira,

Assalamu alaikum. Kin riga kin ji, tunda Inna ta sa an kira Gwaggo. Na ga kiranki da yawa a salula, ban ɗauka ba. Ba zan iya faɗin wannan da baki ba. Aminu ya rasu. Allah ya jiƙanshi. Ina so ki san yadda aka yi, dalla-dalla, kamar yadda kike son bayani.

Da safe ne yana maimai a gonar gero, ya sa hannu zai cire ciyawa a gindin kuka, kububuwa ta sare shi a yatsa. Da ƙafarshi ya taka har likitar Gidan Kwari, yana riƙe da hannun, har yana yi wa Ummulkhairi wasa. Ba ta da maganin dafi, sai a Ƙwanni. Ta ɗauki na'urar ta danna. Shiru. Eriyar an sa ta, na tsaya an gwada kamar yadda kika ce, a Yuli ta yi magana. Ranar ba ta yi ba. Ta fita ta hau juji. Ta hau katanga. Wasila ta ce tana kallonta a kan katangar, na'ura a sama, tana ta cewa, "Ambilans, ambilans, Gidan Kwari ce." Daga baya muka ji turken kamfani ya mutu tun kwanaki, gazuwal ya ƙare, motar da ke kawowa ta kasa wuce laka. Salular mutane kuwa rezon Nijeriya take nunawa, ba mai katinsu.

Mai moton da aka shirya da shi ya tafi kasuwar Illela.

Ambilans tana nan bakin buro, ina ganinta ta taga. Direba yana zaune a inuwa yana shan shayi, tashi na'urar a gaban rigarshi. A lokacin hanyar Gidan Kwari a buɗe take. Da kiran ya fito, da ya je ya dawo kafin azahar.

Mutanen ƙauyen suka ɗora Aminu a amalanke. Kafin su iso mashigi hadari ya haɗu, ruwa ya sauko, kwari ya cika ya kawo. Suka tsaya a wancan gefe. Wani Bafillace ne ya yi iyo ya zo ya gaya mini. Na je da mota na tsaya a wannan gefe. Ina ganin ƙanena, yana ganina. Ya ɗaga mini hannunshi mai lafiya. Sai washegari ruwan ya janye. Lokacin jini yana fita ta dasashinshi. A Ƙwanni sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Kafin ya daina magana ya ce mini, "Yaya, geron ya kusa, kada a bar wa tsuntsaye."

Dattijon Tawa ya zo gaisuwa. Bai ce komai ba a kan kayanshi, ni ma ban tambaye shi ba. Daga inda na tsaya a bakin ruwa ana ganin dutsen da ya so kafa ƙarfen.

Kin ce na ɗinke maganarki. Na koma na karanta kwafin da na ajiye, gaskiyarki, ba ki ce za ki yi awo ba. Komai kin rubuta daidai. Da a ce, in har, sai kun auna. Ba wanda zai kama ki da kuskure. Amma mutum ya kira ki daga garin uwarki ya ce bai sani ba, ki taimaka, kika aiko mishi da sharuɗɗa. Kin san majalisar ƙauye ba ta jin "da a ce". Da kin rubuta layi guda, kada ku ɗauki na biyu, da ba abin da magajin gari zai karanta.

A wurin zaman makoki na ji mata suna cewa ɗiyar Shatu ce ta zaɓo.

Muttaƙa

*

Yamai, 14 ga Satumba 2022

Yaya Muttaƙa,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Aminu, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Allah ya ba Inna da Wasila da kai haƙuri. Mama ba ta cin abinci sosai tun ranar. Ta so zuwa, ƙafa ta hana. Ni na shirya, har na sayi tikiti, sai Mama ta ce in dakata, ta ji abin da ake faɗi a gari, ba ta so in shiga gidan makoki a juya mini baya.

Maganarka ta ƙarshe ba zan yi musu da ita yanzu ba. Ban rubuta "kada ku ɗauka" ba don ban ga ƙasar ba, kuma an koya mini kada in yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. Tun da na karanta takardarka nake tambayar kaina ko wannan koyarwar ta ishi komai.

Amma akwai abin da ya sa na rubuto, ba zai jira ba. Masu frojen nan sun ɗauki ofishinmu aiki. Suna so a shimfiɗa irin tsarinku a wasu kwaminoni na Illela da Malbaza, har da Tajaye. Kwamin ɗinku ne abin misali. Na ga littafin tallarsu, akwai hoton magajin garinku yana murmushi da na'ura a kunne. Yawancin wuraren da suka lissafa akwai kwari, akwai laka.

Na gaya wa shugabana abin da ya faru. Ya ce, "Allah ya jiƙanshi. Amma wannan labarin dangi ne, ki kawo mini takarda daga kwamin." Za a yi taro a Nuwamba. Kafin nan za a nemi rapor, wato rahoto, daga buronku, kuma kai ne mai rubutawa. Ka rubuta abin da ka rubuto mini. Ba sai ka zagi kowa ba. Ranar, da wurin, da turken da ya mutu, da kiran da bai fita ba. In ina da wannan a hannu, zan iya sa su haɗa tsarin biyu, rediyo ta kanku a kwari, pus a tudu. Har ku ma a gyara muku.

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne.

Bushira

*

Yamai, 21 ga Nuwamba 2022

Yaya Muttaƙa,

Ina gaisuwa. Ina fata an yi girbi lafiya. Ban samu amsarka ba. Ayuba ya rantse mini hannu da hannu ya ba ka.

An yi taron. Na tashi na ba da labarin Aminu a gaban kowa, da sunanshi. Sai wata mata daga froje ta buɗe fayil ta ce, "Madam, muna yi miki ta'aziyya. Amma ga rapor ɗin kwamin." Ta karanta. Na'urori suna aiki yadda ake so. An samu 'yar tangarɗa da damina saboda yanayi. Jama'a sun gamsu. Ta turo mini takardar a kan tebur. Na ga hatimi, na ga sa hannun magajin gari, a ƙasa na ga naka. Yadda kake jan wutsiyar harafin ƙarshe, ba zan ɓata shi ba.

'Yar tangarɗa, Yaya.

Shugabana ya kira ni bayan an tashi. Ya ce na kunyata ofis, na kawo kukan gida wurin aiki. An cire ni daga frojen, an ba wani. Za a kai na'urorin bayan sabuwar shekara. Abin da na iya kawai, na sa an rubuta a ƙasan shafi cewa a yi awo da damina. Ka fi ni sanin abin da ake yi da irin wannan layi.

Ka zarge ni da cewa ban faɗi magana kai tsaye ba. Na faɗa, a tsaye, ni kaɗai. Kai da ka tsaya a bakin ruwan, me ka faɗa?

Bushira

*

Zangon Ƙirya, 11 ga Disamba 2022

Bushira,

Sallama. Muna lafiya. Inna idonta ya ƙara rauni. An yi gayya an girbe gonar Aminu, geron ya yi kyau. Ki gaishe da Gwaggo.

Takardunki biyu sun zo. Na rubuta rapor ɗin da kika nema, shafi uku, ban bar komai ba. Na kai wa magajin gari. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "Muttaƙa, Aminu ɗana ne ni ma. Amma in wannan ta fita, masu froje za su ce mun ɓata musu suna. Rijiyoyin da suka yi mana alkawari, da ɗakin haihuwa, duk sun tafi. Kai ma ba za ka kwana a kujerar nan ba, kuma ba ni zan tashe ka ba." Ya jawo wata takarda da aka riga aka buga, ya aje mini alƙalami a kai.

Wasila da yaranta huɗu suna gidana yanzu. Inna tana gidana. Ke an cire ki daga froje, an bar ki da buronki da albashinki. Ni in aka cire ni, gona ce, kuma na ga abin da ke cikin gona. Na sa hannu. In aka sake kawo mini gobe zan sake sawa. Ba ina neman ki yafe mini ba ne, ina gaya miki yadda abin yake.

Ummulkhairi ta nemi canjin wuri, an ba ta. Ranar da za ta tafi ta kawo na'urar ta aje mini a tebur. Likitar Gidan Kwari a rufe take, ba a turo kowa ba tukuna.

Kada ki sake aiko mini da takarda a kan wannan magana. Ayuba ya fara tambaya, kuma a buro ana lura da abin da ke shigo mini.

Wasila tana cikin takaba, ba ta yawan magana. Shekaranjiya na shiga gaishe ta, tana tsince wake. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yaya, da gaske ne ɗiyar Gwaggo Shatu ce ta zaɓo abin nan?" Na ce mata a'a, ba ke ba ce, kuma duk wanda ya sake faɗa a gabana zan ƙaryata shi. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Har na miƙe zan fita, sai ta ce, "To wane ne?"

Na ce mata ana kiran salla.

Muttaƙa